Na'urar Jikin Katangar Malam

Shekarar da aka ba ni aikin sa ido kan ambaliya a Hayin Banki, na'urori takwas na kafa a bakin magudanar ruwa, kowace ba ta fi gwangwanin madara ba. Aikinsu auna tashin ruwa. Wannan ta miƙa wa waccan saƙo ta iska har ya kai ga ta ƙarshe, ita kuma ta tura wa wayoyin mutane. In ruwa ya cika ba mai iya sauka ya canza batir, dole caji ɗaya ya kai su ƙarshen damina. Sai na tsara su su yi ta barci, su farka jefi-jefi su auna, su koma. Ba yabon kai ba, na san aikina.

Ta ƙarshen tana jikin katangar wani malamin allo, wanda gidansa ruwa ke fara shiga. Mako uku kacal batirinta ya yi rabi. Raina ya ɓaci, don in ta mutu sauran bakwai sun zama bebaye.

Na yi sammako na laɓe cikin mota, na ci alwashin mai yi min wannan ɓarna sai ya gane kurensa. Sai ga Malam da kansa, carbi a hannu. Ya danna maɓallin gwaji, ya tsaya har 'yar fitilar ta kama, ya gyaɗa kai ya koma. Kafin azahar ya yi haka sau shida, kuma kowace dannawa duka takwas take tadawa.

Na je na durƙusa. "Allah gafarta Malam, barci fa take, ba mutuwa ta yi ba."

"'Yata, mai gadin da ko tari ba ya yi, ta ina zan san yana nan? Bara muna tsakiyar karatu ruwa ya shigo mana."

Kunya ta kama ni. Na auna komai, na manta da fargabar mai gida. Na cire maɓallin, na sa ta riƙa aiko masa da kalma biyu kullum bayan asuba: lafiya lau. Wannan ba ya cin wutar a zo a gani.

Ƙarshen Agusta, wata la'asar, saƙon gargaɗi ya fita. Na iso na tarar ruwa har gwiwa a tsakar gidan, Malam da iyalinsa suna barandar masallaci a kan tudu. Bai ma gan ni ba. Yana ƙirga jikokinsa da yatsa, ya kai ƙarshe, ya sake farowa.