Ranar da Baba ya gaida buhunan albasa

Muna bisa babur zuwa kasuwa, ina goye da Baba, sai na ga ya ɗaga hannu: "Barka da hantsi, Malam!"

Na waiga. Babu kowa, sai buhunan albasa da aka jingine a bakin hanya.

"Baba, wa ka gaisar?"

Muka wuce buhunan. Can ya ce, "Tun bara huskoki sunka ɓace mani. Gara in gaida buhu da in wuce mutum, a ce na yi girman kai."

Kullum tare muke cin tuwo, amma ban lura ba.

Na matsa masa muka tafi asibiti a Sakkwato. Likita ya duba ya ce yanar ido ce, aka yi masa aiki.

Da aka cire masa bandeji, ya daɗe yana kallona. Sai ya shafa gemuna ya ce, "Kai, yaushe ka yi hurhura?"

Shi yana dariya, ni ina share hawaye.

Tsofaffinmu ba sa faɗin abin da ke damunsu, jama'a. Yaushe rabon da a duba idon naku tsohon?