Malam Sale, Mai Riƙon Igiya

Ina bakin aiki a Manchester, Kabiru ɗan Malam Sale ya kira ni daga Birmingham. "Uncle, Baba ya rasu a hospital ɗazu," ya ce. Na yi salati, na nemi wuri na zauna.

Da Malam Sale muka yi gadi a wata masana'anta a unguwar Aston ta Birmingham lokacin da nake baƙo. Mutumin duwatsun Filato ne, ya tashi tsakanin shanun mahaifinsa da ramukan kuza. Idan rani ya yi su shiga rami, damina ta faɗi su koma kiwo. Dokarsu a can ɗaya ce: ba mai sauka rami sai ɗan'uwansa na jini yana riƙe da igiya a sama.

Wata rana wansa Idi ya ƙi jiransa, ya ɗaure igiya a jikin dutse ya sauka. Ramin ya rufta. Ba a sami gawa ba, ba wanka, ba likkafani. Malam Sale ya ce mini yanzu shanu ke kiwo a kan wurin. Sau ɗaya ya ba ni labarin, bai ƙara ba.

Shi ya sa ba a jana'izar Bahaushe, na Gana ko na Najeriya, daga unguwar Ladywood har Erdington, babu Malam Sale. Ko yana tari, ko ana zabga ruwa, shi ke kama igiyar da ake sauke akwatin gawa da ita cikin kabari. Yakan ce, "Dutse ba ya riƙe wa mutum igiya." Ya sha faɗa da matasanmu masu tsayawa nesa, hannu a aljihu kamar masu jiran bas. Abin da ya fi cin ransa shi ne ɗansa Kabiru, haihuwar nan Ingila, yana cikinsu, tsoron maƙabarta yake. Malam Sale ya taɓa tambayata, ba da wasa ba, wa zai riƙe tasa.

Ranar da muka kai shi, ana yayyafi. Na miƙa hannu zan kama igiyar wajen kai, Kabiru ya dafa ni. Ya ce, "Uncle, bari. Tawa ce." Igiyar ta goge masa tafin hannu, bai saki ba sai da akwatin ya zauna. A nan na yi kukan da na danne tun daga Manchester.

Ya Allah, Ka yalwata kabarin bawanKa Sale, Ka gafarta masa, Ka haɗa shi da Idi a Aljanna. Ka sanyaya zuciyar matarsa Hajiya Rabi, Ka ƙarfafa hannun Kabiru da ƙannensa. Amin.