Baƙon da Ya Dawo Daga Alƙahira

A bakin hanyar ruwa ta Kadawa, Mika'ilu yana jera tumatir a kwando, amma idonsa na kan wani baƙo da ya sauko daga mota. Sa'ansa ne, siriri, sanye da jallabiya ruwan toka, ƙafarsa ba kaushi ko kaɗan. Manoma sun kewaye shi, yana nuna musu hotuna.

"Nan Alƙahira ce," in ji baƙon. "Kullum da safe a wannan lungun nake sayen gurasa. Ran Juma'a kuwa sai mu shiga jirgin ruwa a Nilu, ko mu tafi kallon dalar Fir'auna."

Mika'ilu, wanda bai taɓa wuce Zariya ba, ya ƙi matsawa kusa. A ransa yana cewa ɗan wani malami ne aka tura karatu, bai san wahalar ban-ruwa ba.

Can sai baƙon ya ƙaraso, ya yi sallama, ya roƙi tumatir ɗaya. Ya wanke, ya gatsa, ya lumshe ido.

"Malam, wallahi na yi kewar wannan."

Mika'ilu ya kau da kai. Shi ko kewar garinsu bai taɓa samun damar yi ba.