Buhun Irin da Ya Tafi Kasuwa

Da hantsin wata ranar kasuwa a farkon daminar 1989, na shigo gida da damin ciyawar awaki a kaina, na tarar da Kaka tsaye a ƙofar ɗakin ajiya, ta dafa bango, ɗankwalinta ya zame ba ta ma sani ba. Ɗakin ya kusa zama wayam, sai 'yan buhuna a lungu. Ta dube ni ta ce, "Talatu, ina irin?"

Ƙauyenmu yana hayin kogi, ana hango Haɗeja daga kan tudun makarantarmu, inda muke carafke kafin a buga ƙararrawa. Gonarmu ta shinkafa kuwa a can ƙasan fadama take, wurin da ruwa kan kai ƙirjin babba idan kogi ya kawo. Ba kowace shinkafa ke rayuwa a nan ba, sai wata ja da muke kira mai iyo, domin ruwa yana ƙaruwa tana ƙara tsawo. Kaka ce ke tsince zangarniyarta da hannu tun a gona, ta sussuke daban, ta ɗinke daban. Maƙwabta duk sun koma irin zamani, mu kaɗai muka rage da ita, kuma shuka ta matso.

A gidanmu babu mai rubuta komai a takarda. Jikin buhu shi ne littafinmu. Na sayarwa a ja masa layi ɗaya da gawayi, na ci layi biyu, na iri a zana masa da'ira. Ni ce mai zanen, kuma ina ji da shi fiye da aikin makaranta. To, a makon nan hadarin farko ya zo da iska, ya yaye kwanon ɗakin, ruwa ya wanke gawayin tas. Baba ya tafi ta'aziyya Jahun, ya bar wa Yaya Habu sallahun ya kai na sayarwa kasuwa. Yaya Habu mutum ne mai zafin nama, tunani ne kawai kan riske shi a makare. Ya duba bai ga da'ira ba, ya loda abin da hannunsa ya kai a amalanke tun da sassafe.

Kaka ba ta tsaya faɗa ba. Ta ɗauki sandarta, ta ja ni, muka ratsa kogin da ruwansa bai wuce gwiwa ba. Ban taɓa ganin tsohuwa ta yi sauri haka ba, ni da nake yarinya har haki nake. Tsoro ya kama ni sosai, domin na san idan irin nan ya bi mota, bana fadamarmu sai dai kifi ya yi wasa a cikinta.

Mun sami Yaya Habu a bakin tasha yana shan rake, hankali kwance. Ya riga ya sayar wa Malam Bulus, wani ɗan Filato da ke sayen shinkafa mai ɓawo yana kaiwa inji. Buhunanmu sun shige cikin tulin na mutane, tuli ya fi ɗakinmu tsayi, 'yan dako kuma sun fara lodi. Kaka ta gaishe shi ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya dubi tulin, ya dubi direba da ke ta danna ham, ya ce, "Mama, ba zan iya farke su duka ba. Amma in za ki gane naki, mota ta jira."

Sai Kaka ta fara ragewa. Ta ce duk farin buhun taki a ɗora shi a mota, namu na algarara ne. Tuli ya ragu. Ta ce duk wanda aka ɗinke da zaren leda shi ma ya tafi, a gidanmu da igiyar rama ake ɗinki. Ya sake raguwa. Ni kuma ta sa ni bin sauran ina shafawa, in ware masu danshi, tunda namu ne ruwa ya daka. Duk da haka abin da ya rage ya fi namu yawa, ashe ba kwanonmu kaɗai iska ta yaye ba. Yaya Habu kuwa tuni raken ya fita ransa.

Kaka ta sa aka jera su, ta riƙa bi tana maka wa kowanne sanda, kamar mai kakkaɓe tabarma. Mutane suka taru suna kallo, wasu na dariya. Ta maka wa wani, ƙura ta tashi, ɗan dakon da ke riƙe da shi ya saki atishawa, ya sake, ya sake, har da hawaye. Ashe toka da garin barkono take cuɗa irinta da su saboda ƙwari, ko mu ba mu sani ba. Aka farke baki, ta ɗebo, ga ta nan ja. Kaka ta zauna a kan buhun ta rufe ido ta ce, "Alhamdu lillahi." Ni dai kuka na fashe da shi don daɗi. Malam Bulus yana dariya ya ce a kawo masa madadinsa wata kasuwar, kuma don Allah kada a sa yaji.

Yau ina da shagon shinkafa a cikin Haɗeja, ɗana ya sa mini manhajar ciniki a kwamfuta. Ina danna wuri ɗaya ta jera mini kaya bisa iri, in sake dannawa ta tace ta bar na mako ɗaya ko na mai saye ɗaya, ba rana, ba ƙura, ba direba mai ham. Ina jin daɗinta, ba zan ɓoye ba. Amma fadamar nan ciyawar kacala ta cinye ta, Kaka ta daɗe da rasuwa. Kwanaki da ciniki ya lafa, na rubuta "mai iyo" a gurbin bincike don in gani. Manhajar ta ce babu kaya mai wannan suna.