Tabon da Lalle Ya Rufe: Ga Yaya Ɗaso

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, bakwai ga Rajab, 1446, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yaya Ɗaso mai ƙunshi ta unguwar Hindawiyya a Makka. An sallace ta a Harami bayan La'asar.

Yaya, shekara talatin ƙofarmu na kallon juna. Ke kika yi mini ƙunshin aurena, kika yi wa 'yata Arwa nata, kuma ban taɓa ganin amarya ta fita daga ɗakinki ba ki cika mata ciki ba. Lallen nan shi ya cuce ki. Baƙin tabo ya fito miki a tafin ƙafa, kika yi ta rufe shi da ƙunshi shekara biyu, mu kuma muna cewa ai ciwon dajin fata na jajayen mutane ne. Kafin a gane, ya kai huhu.

Wata likita a Jidda ta sa ki cikin masu gwada magani biyu a haɗe, waɗanda ke bin ciwon kai tsaye. Ba ta yi miki alkawarin warkewa ba. Ni na fassara miki takardar, kika sa hannu kina dariya, kika ce ko bai amfane ki ba ya amfani wata. Cikin wata uku tarin ya lafa, har kika yi ɗawafi da ƙafarki.

Sai ƙanenki Abdulganiyyu ya ga kalmar "tajriba", wato gwaji da Larabci, a saman takardar. Layi ɗaya ya karanta! Ya bi majalisun unguwar Rusaifa yana cewa an mai da yayarsa ɓeran gwaji don baƙa ce. Da zazzaɓi ya kwantar da ke, likita ta ce a kawo ki a rage ƙwayoyin. Shi kuwa ya kwashe su ya zuba a shara, ya hana a kai ki sati biyar. Da muka koma, sunanki ya fita daga tsarin. Wallahi ban san ko maganin zai tsawaita kwananki ba, wa'adi na Allah ne. Amma zaɓinta ne, Abdulganiyyu, kuma kai ka ƙwace mata.

Ko a kwance ba ki daina aiki ba, Yaya. Duk matar da ta zo gaishe ki sai ta miƙo ƙafa kin duba tafin da farce. Haka kika gano irin tabon a ƙafar Arwa, aka cire shi yana ƙarami.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa jinyar ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki, Hudaifa da Jannatu, Allah Ya ba su dangana.

Abdulganiyyu, ta ce in gaya maka ta yafe, to na gaya maka. Ni na yi mata wanka, na ga ƙafar ba lalle. Ni ban yafe ba tukuna.