Hoton ragon Baffa ya iso daga Turai

"To ina ragon nawa?" in ji Baffa, ƙanen mahaifina, yana leƙen wayata.

Muna zaune a gidansa a Ɗanzomo, ina nuna masa shafin intanet da na haɗa don tallar ragunansa. Sunansa ya fito, amma gurbin hoto fari fat, sai wata 'yar da'ira ke ta juyawa. Ga shi kuwa na cika baki sosai a gida.

Na ce, "Baffa, hotunan suna ajiye ne a wata babbar kwamfuta a Turai. Duk wanda ya buɗe shafin, sai an je can an ɗauko masa."

Ya waiga ya kalli ragon, ga shi ɗaure yana cin harawa. "Wato shi yana nan, hotonsa ya riga ni hawa jirgi?"

Na fara yi wa netwok masifa. Ya dafa hannuna. "Kai, ƙyale shi. Ni ma in na koro dabbobi daga Maigatari, ba na son a azalzale ni."

Can sai hoton ya fara sauka, ƙaho tukuna, sannan wuya. Baffa ya gyara zama, ya ce da wayar, "Sannu da hanya."

Washegari na rage wa hotunan nauyi, yanzu nan take suke buɗewa. Amma wallahi wannan jiran ya fi min daɗi.

Ku fa, wa ya taɓa koya muku haƙuri a kan aikin da kuka fi shi sani?