Gugar Dogara

Duk mai shiga kasuwar Kafanchan ta wajen tashar jirgi ya san teburin Dogara mai gyaran agogo. Hali ɗaya ya fi ƙarfinsa: agogo ba ya barin hannunsa sai ya goge gilashin da man goge baki har ya ɗauki ido. Ko batir ka zo canzawa, sai ya yi maka wannan gyara. Matarsa Selina takan ce da zai sami hali, idon mutane ma sai ya goge.

Tun rikicin 1987 zuciyarsa ke kan ɗansa tilo, Silvanus. Da ƙasa ta sake ɗaukar zafi a 1992, samarin Kagoma suka fara gadi a kan duwatsu, Silvanus yana cikinsu. Dogara ya yi faɗa, ya yi roƙo, a banza.

Wata safiya Silvanus ya kawo agogo.

"Baba, maɗauri kawai za ka canza. Ina zuwa."

Dogara ya ga wani shuɗi-shuɗi a gilashin, ya ɗauka dauɗa ce. Ya dirje, ta ƙi, ya ƙara dirjewa har ta fita tas. Ya naɗe agogon a takarda. Silvanus ya dawo a gaggauce, ya jefa aljihu, ya hau babur.

Sai Jamiluddeen mai sayar da agogo a teburin gefe ya ce, "Ɗanka ya iya zaɓe, maƙwabci. Shuɗin nan shafe ne daga kamfani, yana hana gilashi walƙiya a rana. Irinsa samari ke ta nema yanzu, naku da namu. Wanda ya ɓuya ba ya son abin da zai nuna shi."

Dogara bai ko rufe akwatin kayan aikinsa ba, ya tari babur.

A gindin duwatsun Kagoma ya sauka, rana tsaka. Gonaki ba kowa, ko kare bai yi haushi ba. Ya ɗaga kai, sai ga wani ɗan haske can sama tsakanin duwatsu, ya haska, ya ɓace, ya sake haskawa. Ya gane aikin hannunsa.

Mai babur ya taɓa kafaɗarsa, ya nuna ƙetaren rafi. Wasu mutanen ɗaya ɓangaren ne tsaye cikin ciyawa, su ma can suke kallo.